Yaron Hawa na Uku

Kordoba,
28 ga Yuli, 1995

Zuwa ga Gwaggo Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da Sallau da matarsa Kande da yara. Mu nan lafiya lau, in aka cire zafi. Maigidana Shu'aibu yana can kan jirgin kamun kifi, sai Oktoba zai sauka. Ya bugo ran Lahadi, ya ce in gaishe ki da jiki.

Na ga wasiƙarki. Gwaggo, shafi biyu kika cika min da labarin akuyarki, sai a layin ƙarshe kika ce wai likitan Kaduna ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, in zo ki gan ni tun ana gani. Haka ake faɗar magana irin wannan, a bayan akuya? Na yi kuka, na kuma ji haushinki. Zan zo. Tikiti yana hannuna, ranar 23 ga Agusta daga Madrid. Shekara tara rabonki da fuskata, ba zan bari ta cika goma ba.

Sai dai ki yi min addu'a kada in haukace kafin ranar. Garin nan ya fara rufewa. Kasilda, mai shagon ɗinkin da nake wa aiki, ta liƙa takarda a ƙofa, sai Satumba. Mai burodi ya liƙa tasa, mai kayan miya ya liƙa tasa. Firjina ya mutu ran Talata, na kira mai gyara, ya ce, "Satumba, 'yata." Na ce kafin Satumba ai na ruɓe, ni da abin da ke ciki. Ya ce, "Ke da kika fito daga Afirka, wannan ma zafi ne a wurinki?" Shekara goma sha ɗaya ina jin wannan magana, daga bakin likita har mai shara. Ba wanda ya taɓa yarda cewa yanzu haka ruwa ake yi a Malumfashi, mutane na jawo zane su rufa da asuba.

Sai maganar makullai. Kowa a benen nan yana da ƙauyen da yake gudu in Agusta ta kama. Jiya Remediyos ta hawa na biyu ta tare ni a matakala, ta damƙa min makullinta, ta ce, "Ke da ba ki da ƙauye, ki riƙa ba furannina ruwa." Na ce ina da ƙauye, har da kaburburan kakanni a ciki. Ta ce, "Eh, na sani, amma na gaske nake nufi, wanda ake zuwa da mota." Kafin magariba makulli shida ke rataye a bayan ƙofata. Tukwanen fure sittin da huɗu, kanari ɗaya, kunkuru ɗaya, ga famfo ana ɗauke shi tun la'asar saboda fari.

Duk wannan mai sauƙi ne. Enkarna ta hawa na uku ta kwashi mijinta da 'ya'yanta da jikoki yau da safe, suka bar min Ninyo. Autan gidansu ne, shi ya sa ba mai kiran sunansa, sai Ninyo, wato Yaro. Shekararsa
83. Ya riƙe ƙafar gado ya ce ba inda za shi, mota tana sa shi amai. Suka yi lallashi, suka yi ihu, suka gaji. Enkarna ta sauko tana fifita da mafici ta ce, "Ki ba shi abinci da ƙarfe uku, ki leƙa shi safe da yamma, shi ke nan. Ba shi da rigima. Ran sha shida, da an gama bikin ƙauye, muna nan."

Na ce, "Enkarna, jirgina ashirin da uku."

Ta ce, "Haba baiwar Allah, sha shida fa na ce." Ta sumbace ni kunci biyu, ta bar min guminta, ta shige mota.

Ki gafarci rubutun, cikin duhu nake yi. Asabarin taga ba ya ɗaguwa a nan sai rana ta faɗi. Ki riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, don Allah.

Taki,
Ladidi

*

Kordoba,
6 ga Agusta

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Ya idon? Ya su Kande? Na san amsarki ba ta isa isowa ba, amma in ban faɗa wa wani ba zan fashe, kuma duk unguwar nan ba kowa sai ni da gyare.

Wanda aka ce ba shi da rigima, ga shi nan. Ɗakinsa a ƙarƙashin rufi yake, in kin shiga da azahar kamar kin buɗe tanda. Na ɗauki fankata ɗaya tilo, na hau da ita hawa uku, na kunna masa. Ya ce, "Kashe abin nan, yarinya. So kike ki kashe ni?" Yarinya yake ce min, Gwaggo, ni da furfura ta fara leƙowa. Na ce to bari in buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa. Nan fa ya fara ihu. Mutanen nan sun fi tsoron iska mai ratsa ɗaki fiye da maciji. Ya ce ita ta kashe Pako na ƙasan layi. Na ce Pako ai mota ce ta buge shi, ina tsaye. Ya ce, "Eh, amma da mura ya fita."

Wanka ma yaƙi ne. Wai wanda ya ci abinci ba ya taɓa ruwa sai bayan awa biyu, in ba haka ba cikinsa ya tsaya. Ya gama cin abinci da uku da rabi, awa biyu ta cika, famfo ya riga ya tafi. Ya fi ni sanin lissafin, har murmushi yake yi. Sai in jiƙa tawul da ruwan bokiti in bi shi da shi, yana zagaya tebur yana zagina.

Haƙoransa huɗu, komai sai na dama masa. Na yi masa miyar tumatir mai sanyi irin tasu, ya ɗanɗana ya ture, wai ba haka mamarsa ke yi ba. Ruwa kuwa ba ya sha sam, sai kofi baƙi ƙirin, safe da yamma. Na kawo masa ruwa, ya jira na juya baya, ya tuttule a tukunyar fure. Furen Enkarna kaɗai ke ƙiba a benen nan.

Amma in ya farka daga barcin rana, kafin hankalinsa ya dawo, mamarsa yake kira. Jiya ya kama bakin zanina ya ƙi saki. Na zauna har ya sake yin barci, ƙafata ta mutu, ban iya motsawa ba. Haushinsa nake ji wuni guda, sai ya yi irin wannan in rasa inda zan sa haushin.

Na je ofishin masu tikiti in tabbatar da kujerata. Da safe na je, aka ce mai yi ya fita shan kofi. Na koma da biyu saura, sun rufe sai shida. Na koma da shida, ga takarda a ƙofa: a watan Agusta safe kawai suke buɗewa. Washegari na kama shi, ya duba ya ce komai daidai, ya ƙara da cewa, "Za ki gida shan zafi ke nan." Ban tanka ba, don azumin nafila nake yi.

Remediyos ta aiko min da kati daga ƙauye. Ba gaisuwa, ba komai, layi ɗaya: kada in manta da tukwanen da ke bayan injin wanki. Kunkurun kuma ya ɓace tun shekaranjiya, na duba ko'ina.

Saura kwana goma sha bakwai. Na saya miki tabarau mai duhu da man zaitun.

Ladidi

*

Malumfashi,
9 ga Agusta

Zuwa ga ɗiyata Ladidi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi gyara, gero ya fitar da kai. Sallau da Kande suna gaishe ki. Ki gaida mijinki in ya bugo. Wasiƙarki ta 28 ta zo jiya, kuma da kaina na karanta, ban nemi kowa ba, don ki san idon bai kai inda kike tsoro ba.

Yanzu ki zauna ki saurare ni. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin ungozoma, na ga uwar da ta yar da ɗa a kwata, na ga wadda ta gudu daga asibiti ta bar jinjiri, amma ban taɓa jin gida guda, da uwa da uba da kaka, sun shiga mota sun tafi biki sun bar ɗan shekara uku ba. Don ya riƙe ƙafar gado? Ɗan shekara uku ake tambaya ko zai je? Ba a ɗauke shi a saɓa a kafaɗa? Na karanta wurin sau uku, jiya ban iya cin tuwo ba.

Ke ma kin ba ni mamaki. Wai ki leƙa shi safe da yamma, kuma kika amsa. A ina yake kwana? Shi kaɗai a hawa na uku? Ba haka na rene ki ba. Mahaifinki ɗan ƙanin kakata ne kawai, da ya kawo ki makaranta wurina mutane cewa suka yi zumuncin ya yi nisa, amma a gadona kika kwana shekara huɗu. Yau ɗin nan ki hau ki sauko da yaron nan ɗakinki. Abinci sau ɗaya da ƙarfe uku ba abinci ba ne. Ki dama masa kunu da safe. Ki riƙa ba shi ruwa da ɗan gishiri da sukari, ki duba fitsarinsa, in ya yi ja to ruwan jikinsa ya yi ƙasa. In za ki ba furannin banzan nan ruwa, ki goya shi.

Mutanen da suka iya yin wannan ba za su dawo ran sha shida ba, ki rubuta ki ajiye. To in ba su dawo ba, ban yarda ki hau jirgi ba. Ban yarda ki miƙa shi ga hukuma ko ga wasu baƙi ba, yaro ya riga ya ga an tafi an bar shi sau ɗaya. Allah bai ba ki na cikinki ba, ban taɓa yi miki maganar ba sai yau, amma ga shi ya ajiye miki wani a ƙofa, ko na wata guda ne. Ni ina nan, ba inda za ni. Idona da sauƙi sosai, likitan nan dama ya cika tsoratarwa. Ki ɗaga tafiyar.

Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Gwaggonki,
Azumi

*

Kordoba,
17 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Shiru har yau ban ga wasiƙarki ba, hankalina ya fara tashi. Mai kawo mana wasiƙu ya tafi hutu, wanda aka sa a madadinsa kuwa ya zuba na layinmu duka a akwatin wani shagon takalma da ke rufe. Ina fata lafiya ce, ina fata idon ne bai hana ki rubutu ba.

Jiya sha shida. Na share matakala, na ɗaga asabarin Enkarna don gidan ya sha iska, na zauna jira. Ba mota, ba dalilinta. Yau na buga waya. Ƙauyen nan waya ɗaya gare su, a mashaya. Mai mashayar ya ɗauka ya ce, "Wace Enkarna? Muna da biyar." Na kwatanta. Ya ce yanzun nan zai kira ta, ya ajiye kan wayar a tebur. Na tsaya cikin akwatin waya na kan titi, rana na dukan gilashi, ina jin suna buga karta suna gardamar ƙwallo har kuɗina suka ƙare. Sau uku na yi haka kafin na same ta.

Ta ce, "Ladi, 'yar albarka, ya Ninyo? Yana cin abinci?"

Na ce, "Jiya sha shida."

Ta ce, "Ai kin san yadda abin yake. An ɗaga wasan shanu zuwa Lahadi, kuma surukata ta yanka rago. Wa zai kama hanya cikin wannan zafi? Ƙarshen mako muna nan, ko farkon na sama."

Na ce, "Ran Litinin ya faɗi a banɗaki. Na same shi a ƙasa, leɓensa ya bushe, bai san ni ba. Likita ya zo ya ce kada a sake barin sa shi kaɗai ko na awa ɗaya."

Ta yi salati irin nasu, ta yi kuka sosai, har na ji tausayinta. Sannan ta share hanci ta ce, "Allah ya sa kina nan. Wallahi kin fi 'yar'uwa." Waya ta yanke.

Tun ran Litinin a kan kujerarsa nake kwana. Da cokali nake ba shi ruwa, ina ƙirgawa, yana ce min 'yar sanda. Likitan ma na wucin gadi ne, namu yana bakin teku. Shi ya ba ni sunan wani gidan tsofaffi na sistocin coci a bayan gari. Na je, sun ce akwai gado ɗaya, za su karɓe shi ran 22 har danginsa su dawo. Wuri ne mai tsabta, da bishiyoyin lemo a tsakar gida. Da na faɗa masa, ya ce, "Wanda ya shiga can da ƙafarsa, ba da ita yake fita ba." Na ce kwana nawa ne duka. Ya juya fuska bango, bai ci abincin rana ba.

Ba ruwana. Ni ba 'yarsa ba ce, ba jikarsa ba, makulli kawai aka ba ni. Ran 22 zan kai shi, in kama jirgin ƙasa zuwa Madrid, ran 24 ina tsakar gidanki in Allah ya yarda. Ki ce wa Kande dambun zogale nake so.

Furen Remediyos bakwai sun mutu. Kunkurun na same shi a cikin kwandon wanki, lafiyarsa ƙalau.

Ladidi

*

Malumfashi,
19 ga Agusta

Ladidi,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ta 6 ga wata ta zo. Kwana biyu na yi ina karanta ta, rubutunki ya ƙanƙance ƙwarai, ki riƙa yin manya.

Yaron nan an cuce shi. Shekara uku da haƙori huɗu, wannan rashin abinci ne tun yaye. Kuma kofi? Ke da hankalinki kike zuba wa yaro kofi baƙi? Ki daina yau. Bakinsa kuwa ya fi shekarunsa, wai yarinya. Haka 'ya'yan da suka tashi cikin manya suke, kada ki dake shi, amma ki nuna masa ba a yi. Maganar zagaya tebur kuma ban gane ba. Ki kama shi ki tsoma a baho mana.

Wurin da ya kama bakin zaninki, na ajiye takardar na yi kuka. Kin ga abin da nake faɗa miki. Na san zuwa yanzu kin ga wasiƙata ta farko, kin kuma ɗaga tafiyar, don ba ki taɓa tsallake maganata ba. Na hana Sallau zuwa Kano taryenki.

Na sa Kande ta ɗinka masa 'yar riga da wando, da hula, za a sa a gidan waya ran Litinin. Ni na zaɓi yadin da hannuna, mai laushi ne, ta ce shuɗi ne.

Azumi

*

Kordoba,
24 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki tun kafin ki karanta. Kin ga inda na rubuto. Jirgi ya tashi jiya ba ni a ciki.

Wasiƙarki ta 9 ga wata ta iso ran 21. A matakala na buɗe ta. Da na kai wurin goyo na yi dariya har na zauna a ƙasa, ni kaɗai a bene, ba mai ji. Gwaggo, Ninyo shekararsa tamanin da uku. Sunansa Baldomero, kawun Enkarna ne, ƙanin mahaifiyarta. Shi ne auta a ɗakinsu, aka ce masa Yaro tun ana goyonsa, har yau ba a fasa ba. A nan haka suke, mutum ya yi furfura ya zubar da haƙora yana Yaro. Mamar da yake kira ta rasu tun kafin a haife ni. Ƙauyen ma ba amai ne ya hana shi zuwa ba, shekara arba'in ke nan ba ya magana da wansa a kan bishiyar zaitun guda ɗaya. Na rubuta miki 83, na tabbata. Da na gama dariyar sai na tambayi kaina yadda aka yi takwas ta ɓace miki, daga nan ban ƙara dariya ba.

Don haka ban fasa komai ba. Ran 22 na haɗa akwatina, na haɗa masa jaka, na kira tasi, na hau in sauko da shi. Na shirya wa ihu da riƙe ƙafar gado. Na same shi zaune a bakin gado, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza cikin wannan zafi, ya taje kai, jaka a kan cinya. Kofin ruwan da na bar masa ya shanye tas. Fankar da ya yi mako uku yana zagi tana kunne, ya juyo ta tana dukan fuskarsa sosai, idonsa na hawaye don iska. Ya ce, "Kin gani, na kunna da kaina. In na bar ta a kunne, sai in zauna a gida?"

Mai tasi yana ta matsa oda a ƙasa. Na sauka na sallame shi. Ya ce, "Haka kawai a fito da mutum cikin rana?" Na ce ya yi haƙuri.

Ba zan ce umarninki na bi ba. Na san kuskure kika yi, na san da kin san tsoho ne mai dangi cike da mota, da ba ki rubuta haka ba. Na sani sarai, amma na ɗauko wasiƙar na sake karanta inda kika ce idon da sauƙi, na fake da ita. Abin da na yi ke nan, kuma gara ki ji daga bakina.

Enkarna ta ce ran 31, don akwai wani bikin a ƙauyen mijinta. Masu tikiti sun ce ba kujera sai 9 ga Oktoba, kowa yana dawowa daga hutu. Na karɓa. Mutumin ya ce, "Gara ma haka, lokacin an ɗan yi sanyi a can." Wannan karon ba azumi nake ba, na faɗa masa abin da ya sawwaƙa.

Shi kuwa gogan, da ya tabbata mai tasi ya tafi, ya miƙa hannu ya kashe fankar, ya ce in haɗa masa kofi.

Ki faɗa min gaskiyar idon nan. Ki jira ni.

'Yarki,
Ladidi

*

Malumfashi,
12 ga Satumba

Ladidi,

Wa alaikumus salam. Kande ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara min magana. Kowa lafiya, an fara yankan gero. Wasiƙunki biyu sun zo tare, ta karanta min.

Tamanin da uku. Ashe ya girme ni da shekara huɗu. Kande ta ɗauko tsohuwar wasiƙar ta duba, ta ce takwas ɗin tana nan ɓaro-ɓaro a farkon layi, gefen da ba na gani. Gidan nan an yi kwana uku ana min dariya, har maƙwabta sun shigo jin labarin ɗan goyona. Rigar in ta iso ki ba shi ya riƙa share gumi. Ki kuma faɗa wa Enkarnar nan ban janye ko kalma ɗaya ba, abin da na faɗa a kan mai yar da ɗan shekara uku ya hau kanta daidai.

Kin ce in faɗa miki gaskiya. Ran Juma'a ta farkon watan nan na farka na tambayi Kande me ya hana gari wayewa. Ta ce hantsi ya yi. Sallau ya kai ni Kaduna, likita ya ce ba abin da ya rage a yi. Da kin zo ran 24 da na gan ki. Ɗan rami ne ya rage min a lokacin, kamar na ƙofar makulli, amma da na bi fuskarki da shi a hankali har na gama. Ba zan ɓoye miki wannan ba don ki ji daɗi.

Na yi fushi. Kwana biyu ina cewa tsofaffi biyu aka ajiye miki, kika zaɓi na mutane. Kande tana ji, ga ta nan. A rana ta uku na tuna wanda ya rubuta cewa idon da sauƙi, likita ya cika tsoratarwa. Ranar da na rubuta wannan layin, da lalube na nemo bakin takardar. Ke kin fake da wasiƙata, ni na yi miki ƙarya a cikinta, ban ga wanda zai kai ƙarar wani ba. Kuma da kin ja mutumin nan cikin kwat ɗinsa kin kai shi inda yake tsoro, kika zo kika ba ni labari, ban san irin kallon da zan yi miki da ɗan ramin nawa ba. Na yafe. Ke ma ki yafe min.

Ki gaishe shi. Ki ce ya sha ruwa, ya kuma je ya ga wansa, shekara arba'in ta isa.

Sallau zai tarye ki a Kano ran 10 ga Oktoba. Kada ki karɓi makullin kowa, ko na masallaci ne. Abu ɗaya nake roƙonki. Duk wanda ya zo gaishe ni yanzu sai ya tsaya a bakin ƙofa shiru yana kallona kafin ya yi sallama, suna zaton ban sani ba. Ke kada ki yi min haka. Ki fara magana tun daga zaure, da ƙarfi, kada ki daina har ki iso inda nake zaune.

Gwaggonki,
Azumi